Darasi Na 12: Ƙawata Gida Da Shirya Teburin Biki A Kafanchan

Idan kun taɓa kallon fim ɗin Turawa na lokacin Kirsimeti, kun ga yadda ƙanƙara take rufe gidaje, iyali su kulle ƙofa su zauna kewaye da dogon teburi, kowa da kujerarsa da farantinsa, an ƙirga su tun kafin a ɗora tukunya. To, ku ajiye wannan hoto gefe guda. A darasinmu na yau za mu tafi Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, mu ga yadda ake shirya gida da abinci a ƙarshen shekara. A can babu uwargidan da za ta iya gaya muku mutum nawa za su ci abincinta ranar 25 ga Disamba. Wannan rashin sanin adadi shi ne yake tsara komai, tun daga inda ake ajiye kujeru har zuwa girman tukunya. Yayin da kuke karatu, ku riƙa lura da kalmomin aiki, domin za mu dawo gare su.

Lokacin da bikin yake faɗowa

Ƙasarmu ba ta san dusar ƙanƙara ba. Abin da muke da shi a watan Disamba shi ne hunturu, wato lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga hamadar Sahara, ta zo da hazo da ƙura da sanyin asuba. Leɓe yakan tsage, ƙafa ta yi kaushi, wanki kuwa ya bushe kafin a gama shanya. Kafanchan tana kusa da duwatsun Kagoro, a kan hanyar hawa tudun Filato, saboda haka wanda ya fita da sassafe ba tare da rigar sanyi ba zai ji a jikinsa.

Hunturu yana biyo bayan kaka. Kafin Kirsimeti an riga an girbe acca da masara da shinkafa, an haƙe doya, dawa ma tana shiga rumbu. Manoman citta sun tone ta, sun tsaga, sun shanya. Kudancin Kaduna, musamman yankunan Kachia da Kwoi da Kagarko, shi ne cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma a gidaje da yawa kuɗin citta ne suke sayo fenti da labule da sababbin tufafin yara. Shekarar da citta ta ƙi, kamar 2023 da wata cuta ta cinye gonaki masu yawa, tukunyar Disamba ma takan ƙanƙance. A daidai wannan lokaci ne kuma 'ya'yan gida da suke aiki a Kaduna da Abuja da Jos da Legas suke komowa, wasu da mata da yara da ba su taɓa ganin ƙauyen kakanninsu ba.

Gyaran gida

Ana fara ado daga waje, domin ƙofar gida ce baƙo yake fara gani. Samari su sare ciyawar da damina ta bari, su cike ramukan da ruwa ya zaizaye. 'Yan mata su share tsakar gida da tsintsiya, su yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. A ƙauyuka, inda har yanzu akwai ɗakunan ƙasa, akan sake yaɓe bangon da ya fashe, mata kuma su gyara daɓe. Sannan sai a dama farar ƙasa a bokiti, a shafe bango da gindin itatuwa da duwatsun da aka jera a bakin hanya. Farar ƙasa ba ta da tsada, amma gidan da aka shafa masa ita daga nesa yake sanar da cewa masu shi suna jiran baƙi.

A cikin falo kuwa, aikin ya fi ɗaukar lokaci. Za a fitar da kujeru a kakkaɓe, a cire yanar gizo daga kusurwoyi, a goge hotunan iyali da gilashin taga. Ga wata shawara da duk wadda ta daɗe tana riƙe da gida za ta ba ku: kada a rataya sabon labule sai ana gobe biki. Wanda ya yi gaggawa ya rataya shi tun mako guda kafin ranar, to ƙurar hunturu za ta mayar da farin labule ja.

A nan ne mai koyon Hausa yakan yi tuntuɓe. Harsuna da yawa suna amfani da kalma ɗaya ga duk abin da aka ajiye a wani wuri, ɗalibi kuma sai ya riƙa cewa "sa" a ko'ina: na sa tabarma, na sa labule, na sa tukunya. Za a gane abin da yake nufi, amma Bahaushe yana bambantawa. Tabarma da darduma da mayafin teburi shimfiɗa su ake yi. Labule da kalanda da fitilu rataya su ake yi. Ana liƙa takarda mai ƙyalli a bango, a ɗaura balan-balan a igiya, a jera kujeru da farantai, a kafa rumfa, a ɗora tukunya a murhu, a zuba abinci a kwano. Ku karanta wannan jeri sau biyu, ku gwada kowace kalma da wani abu na ɗakinku.

Ina bishiyar Kirsimeti ta fito? Al'ada ce da ta samo asali a Jamus tun ƙarni na 16, inda akan shigo da itacen da ganyensa ba ya zuba da sanyi a yi masa ado. Ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da 'ya'yansu kewaye da irin wannan bishiya a 1848. Irin itacen ba ya cikin itatuwan da muka gada, don haka abin da za ku gani a shagunan Kafanchan shi ne na roba, tare da ƙananan fitilu masu walƙiya da ƙwallaye masu launi. Yara suna son sa, kuma babu laifi. Ni dai a ganina ganyen kwakwar manja da aka saƙa aka kafa a ƙofar gida ko ta coci ya fi shi kyau, ga shi ba a biyan ko sisi, idan ya bushe kuma a yi tsintsiya da shi.

Dole in ja kunnenku a kan abu guda. A hunturu komai a bushe yake, iska kuma tana da ƙarfi. Kyandir ɗaya kusa da labule, ko wayar fitila da aka yi wa haɗin ƙeta, ko tartsatsin abin fashewar da yara suke wasa da shi a kusa da rufin ciyawa, ya isa ya cinye gida da rumbu. A kashe fitilun ado kafin a kwanta, a kuma nisanta janareta daga taga.

Teburin da ba a zama a kansa

Mun ce "teburi", amma a yawancin gidaje babu wanda yake jan kujera ya zauna gabansa. Ana tura shi jikin bango, a shimfiɗa masa mayafi mai tsabta, a jera kuloli da langa da samira, kowanne a rufe saboda ƙura da ƙuda. A gefe guda a tara farantai da cokula da kofuna, a ɗaya gefen a ajiye tiren cincin da soyayyen nama. Teburin ya zama kamar tasha ke nan: daga gare shi abinci yake tashi zuwa inda mutane suke.

Mutanen kuwa a rarrabe suke. Dattawa da manyan baƙi suna falo, a gaban kowa da ƙaramin teburi. Matasa suna kan benci a gindin mangwaro ko ƙarƙashin rumfa. Yara suna kan tabarma, sau da yawa su huɗu ko biyar a tire ɗaya. Kafin abinci ya iso, yaro ko yarinya za su zaga da buta da tasa da tawul, a fara da wanda ya fi kowa shekaru. Da hannun dama ake miƙawa, da shi ake karɓa, da shi ake ci. A gidan Kirista maigida ko wani dattijo yakan yi addu'a kafin a taɓa abinci, kuma sau da yawa da Hausa yake yin ta, ko da harshensa na gado Jju ne ko Tyap ko Hyam. Wannan ba abin mamaki ba ne: tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Hausa ce ta zama harshen da ƙabilun yankin suke haɗuwa a kansa a coci da kasuwa.

Shinkafa ce sarauniyar ranar, ko fara da miya ko dafa-duka. Tsofaffi suna ba da labarin lokacin da yaron ƙauye ba ya ganin ta sai a irin wannan rana, shi ya sa har yau take da daraja ko da ta zama abincin kullum. Amma ku lura da abin da 'yan birnin da suka komo gida suke fara tambaya. Ba su damu da shinkafa ba, sun gaji da ita a Abuja. Gwaten acca suke nema, wanda aka dafa da yakuwa da alayyafo da gauta, ko tuwon acca da miyar karkashi. Uwargida mai dabara takan ajiye ƙaramar tukunyar gwate a bayan murhu saboda su. Abin sha kuwa, akwai zoɓo da kunun zaƙi da aka ƙamsasa da citta da kanumfari, akwai lemon kwalba ga mai hali.

Baƙo idan ya shigo, ba a tambayarsa ko zai ci. Ana cewa, "Sannu da zuwa, ga wuri," sai kawai a kawo ruwa da abinci. Shi kuma, ko da gida na biyar ke nan da ya shiga tun safe, ba ya ture farantin gaba ɗaya. Yakan ɗan taɓa, ya ce, "Na ƙoshi, Allah ya ƙara arziki." Idan abinci ya ƙare kafin baƙi su ƙare, abin da yakan faru, ana fito da cincin da gyaɗa da fara'a, domin Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kwanon da yake fita

Yanzu mun zo ga abin da na fi so ku riƙe. Kafin mutanen gida su ci, kafin ma a tafi coci a wasu gidajen, akwai kwanonin da ake zubawa a rufe a miƙa wa yara su fita da su. Na surukai ne, da na tsofaffin da ba sa iya fita, da na gwauraye da marasa lafiya, da na maƙwabta Musulmi. Ku karanta wannan tattaunawa:

Mama: Zo nan, 'yata. Ɗauko langar nan mai murfi ki kai gidan Hajiya.
Yarinya: To, Mama. In haɗa da cincin?
Mama: Haɗa. Ki riƙe da hannu biyu, ban da gudu. In kin shiga ki durƙusa ki gaishe ta.

(A gidan Hajiya)

Yarinya: Salamu alaikum.
Hajiya: Wa alaikumus salam. Shigo mana. A'a, 'yan Kirsimeti ne? Sannu da zuwa.
Yarinya: Ina kwana, Hajiya? Mama ce ta aiko ni, ta ce in kawo muku.
Hajiya: Kai, har da ɗawainiya haka? An gode, Allah ya amfana. Ki ce da Mama ina yi mata barka da Kirsimeti, zan shigo da yamma. Ungo tukwicinki.
Yarinya: Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri.

Tukwici shi ne ɗan abin da ake ba wanda ya kawo saƙon kyauta. Yara sun san wannan sarai, shi ya sa ba a rasa ɗan aike ranar biki.

Ku dubi kalmomin aikin da ke cikin tattaunawar. Mama ta ce "ki kai", amma yarinyar da ta isa ta ce "in kawo". Mama ta ce "in kin shiga", Hajiya kuwa ta ce "shigo". Kwano ɗaya ne, ƙofa ɗaya ce, me ya sa kalmar ta sauya? Dalili shi ne, idan aikatau ya ƙare da wasalin "o", yana nuna cewa aikin ya nufo wurin da mai magana yake, ko wurin wanda ake yi wa maganar. Haka ake samun ɗauka da ɗauko, aika da aiko, fita da fito, saya da sayo, koma da komo. Wanda ya ce wa maƙwabcinsa "na kai maka abinci" alhali yana tsaye a gabansa da kwano a hannu, ya yi kuskure. "Na kawo maka" zai ce. A ranar Kirsimeti gidan Mama yana kaiwa, gidan Hajiya ana kawo masa. Ranar Salla kuma sai kalmomin su juya, langar nan ta komo cike da nama da waina.

Domin kwanon ya karɓu, akwai shirin da ake yi tun kafin ranar. Magidanta da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yanka musu akuya ko kaji, saboda kowa ya iya cin naman hankali kwance. Ku tuna kuma cewa a Katsit, kusa da Kafanchan, akwai babbar kasuwar aladu da fatake suke zuwa daga kudancin ƙasar nan, kuma naman alade abinci ne a gidaje da dama. Mai mutunta maƙwabcinsa yakan ware tukunya da ludayi da kwano dabam, waɗanda wannan nama bai taɓa shiga ba, ya dafa abincin aikawa a cikinsu. Ba wanda yake shiga kicin ya duba. Amana ce kawai, kuma wanda ya karɓi kwanon ya ci ya nuna ke nan ya amince.

Me ya sa wannan yake da nauyi a Kafanchan fiye da wasu wurare? Garin ya bunƙasa ne bayan da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Aikin jirgi da kasuwanci suka tara Ibo da Yarbawa da wasu ƙabilu, suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da Hausawa da Fulani, gida na jikin gida. Sai dai garin ya ga baƙin ciki. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Kaduna da Zariya, sannan na bayan zaɓen Afrilun 2011 ya ci rayuka da dukiya, har da babbar kasuwar garin. Bayan irin waɗannan fitinu mutane sukan tashi su koma unguwar da 'yan addininsu suka fi yawa, sai tafiyar da yarinya take yi da langa ta ƙara nisa, a wasu gidajen ma ta tsaya cak. Saboda haka uwar da har yau take zuba wannan kwano ta san abin da take yi, haka ma wadda take karɓa ta ba da tukwici.

Kuɗin hidima

Duk abin da muka lissafa kuɗi yake ci, ga shi kuma makarantu suna komawa a farkon Janairu. Na sha ganin ɗalibin da ya zo aji da sabon takalmin biki amma babu littafin rubutu. Masu hangen nesa sukan shiga adashi tun farkon shekara, su kwashe a Disamba. Wasu kuma su yi watanda, wato mutane goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa guda, a yanka a raba naman kashi-kashi daidai da abin da kowa ya bayar. Kayan ado ma ba sai an saya kowace shekara ba. A naɗe fitilu da takardun ƙyalli a kwali, a ɗora bisa kabad, baɗi su sake fitowa.

Amma ba a yin gaggawar cire su, domin hidimar ba ta ƙarewa ranar 25. Washegari ranar yawon gaisuwa ce, kuma a makon ne ake yawan ɗaura aure da taron dangi tun da kowa yana gida. Daren 31 ga wata ana raya shi a coci har shekara ta juya. Da gari ya waye, ranar 1 ga Janairu, jama'a sukan nufi Kagoro domin bikin Afan, wanda mutanen Kagoro suke yi kowace shekara a gindin duwatsunsu, da kaɗe-kaɗe da raye-raye da jerin gwanon mafarauta. Wanda yake da dangi a Kagoro ya san a ranar sai ya sake ɗora babbar tukunya. Gaisuwar da za ku ji a hanya ita ce, "Barka da sabuwar shekara," amsa kuma, "Barka kadai, Allah ya maimaita mana."

Abin lura a rubutu

A kasuwar Kafanchan za ku ji ana cewa "shinkafan biki" da "tukunyan nama" da "kujeran baƙo". Haka masu Hausa a matsayin harshe na biyu da yawa suke faɗa, kuma suna fahimtar juna. A daidaitacciyar Hausa kuwa, wadda za ku rubuta a jarrabawa, shinkafa da tukunya da kujera jinsin mace ne, saboda haka "r" suke ɗauka: shinkafar biki, tukunyar nama, kujerar baƙo. Teburi da labule da faranti jinsin namiji ne: teburin biki, labulen falo, farantin yara. Yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, amma ku yi hattara da gida da nama da ruwa, domin su maza ne.

Aiki

1. Me ya sa ake tura teburi jikin bango a gidajen da aka bayyana?
2. Ku bayyana ma'anar tukwici da watanda da adashi, sannan ku sa kowanne cikin jimla.
3. Ku cike gurbi da aikatau mafi dacewa: Ta ______ mayafi a teburi. Ya ______ kalanda a bango. Sun ______ rumfa a ƙofar gida.
4. Ku gyara wannan jimla: "Baba, ga shi na kai maka ruwa, kuma na share ƙofan gida."
5. Ku sake rubuta tattaunawar da ke sama a matsayin ranar Babbar Salla, inda Hajiya ce take aiken ɗanta gidan Mama. Ku kula da inda "kai" zai koma "kawo".
6. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku gidajen da ake kai wa abinci ranar biki a lokacin ƙuruciyarsa, da waɗanda ake kai wa yanzu. Ku rubuta abin da ya gaya muku cikin jimloli goma.